Daga Dandin Mahe Zuwa Jos: Hanyar Da Ke Hawa Kamar Matakala

  

Ga tambayarmu ta wannan mako. Me ya sa a watan Afrilu, lokacin da mu a Dandin Mahe muke fitar da tabarmi tsakar gida saboda ɗaki ba ya kwantuwa, mutumin Jos yake jan bargo da asuba? Ƙasa ɗaya ce, rana ɗaya ce ke fito mana. Da yawanku za ku amsa da sauri cewa ai Jos a kan tudu take. Haka ne, kuma haka littafin labarin ƙasa ya faɗa. To amma mu da muka tashi tsakanin Bodinga da Shagari, inda ido ke hango gonar gero har iyakar ganinsa ba abin da ya tare shi, kalmar tudu ba ta cika zama mana a kai ba. Muna haddace ta, mu zuba ta a takardar jarrabawa, mu manta.

Saboda haka yau za mu bi hanyar da kanta, gari bayan gari, kamar yadda malamanmu na jami'a suka bi da mu a zangon karatun da ya wuce. Tafiya ce ta fiye da kilomita 600, kuma abin da muke so ku riƙe shi ne: tun daga ƙofar gidanmu har Jos mota hawa take yi, kuma wannan hawan shi ke sauya zafi da ruwan sama da abin da ake nomawa, har ma da tarihin mutane. Ku ɗauko taswira da biro.

Mataki na farko: ƙasar da ta taɓa zama teku

Daga Dandin Mahe za mu bi ta Bodinga mu shiga Sakkwato, sannan mu ɗauki hanyar Gusau ta Shuni da Dange da Tureta. Nan duka muna wajen mita 300 ne sama da doron teku. Ku rubuta wannan lamba, da ita za mu auna sauran.

Kada ku raina wannan yanki don kun saba da shi. Ku dubi tuddan da ke wajen Dange, masu kai a baje kamar an yanke da wuƙa. Marmara ce ta rufe kansu, ita ta hana ruwan sama cinye su, alhali ƙasar da ke kewaye da su ta zaizaye ta yi ƙasa. Masana duwatsu sun ce wajen shekara miliyan 60 da suka wuce, wani teku marar zurfi ya rufe wannan yanki namu. Hujjarsu tana nan a ƙasa: farin dutsen da ake fasawa a Kalambaina ana yin siminti da shi cike yake da ɓawon halittun ruwa, kuma an tono ƙasusuwan kifaye da kadoji da kunkuru na zamanin da a duwatsun yankin Sakkwato. Irin wannan dutse da ya taru sannu a hankali a ƙarƙashin ruwa, shimfiɗa kan shimfiɗa, shi ne nau'in da malaminku ke cewa dutsen da ya kwanta. Shi ya sa ƙasarmu take a shimfiɗe.

Ta taga kuma za ku ga abin da kuka sani: gero da wake, gawo da aduwa da magarya, kuka nan da can, raƙuma da jakuna, da shingen aguwa a bakin gonaki. Ruwan saman da ke sauka a nan bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 a shekara ba, kuma cikin wata huɗu yake zuwa ya wuce. Gero ne ke iya jure wannan.

Mataki na biyu: inda duwatsu ke fara leƙowa

Da an doshi Talata Mafara, sai ƙasa ta fara sauya kama. Ta yi ja, ta yi tauri, sai kuma ga manyan duwatsu masu sulɓi suna fitowa daga cikin gonaki. Mun bar ƙasar da ta kwanta, mun hau tsohon ƙashin ƙasa, wato dutsen da ya narke a can cikin ƙasa ya daskare tun ɗaruruwan miliyoyin shekaru. A gefen Mafara ne madatsar ruwa ta Bakolori take, wadda aka kammala a 1978 a kan gulbin Sakkwato. Ku lura da sunan gulbin, za mu sake haɗuwa da shi.

Bayan Maru da Bunguɗu sai Gusau, wajen mita 450. Ba wanda ya ji motar ta hau wani abu, amma mun riga mun ɗaga sama da gida da kimanin mita 150.

Kaɗan da fita Gusau ne ɗan Dandin Mahe ke yin shiru. Dutsen Kwatarkwashi ne ke tasowa a gaba, baƙi ƙirin, da garin a gindinsa kamar an ajiye. A cikin motarmu har masu barci sai da aka tashe su. Irin wannan dutse da ke tsaye shi kaɗai a tsakiyar fili yana faruwa ne idan ruwa da iska suka shekara dubbai suna kwashe ƙasa mai laushi, suka bar mai taurin a tsaye. Tsofaffin garin suna ba da labarin bikin kamun maiki da ake yi a kansa a zamanin da. Gaba kaɗan ga duwatsun Tsafe, kuma a nan kusa ne 'Yandoto take, tsohon garin malamai da kuke ji a darasin tarihi.

A nan ya kamata ku yi wa kanku wata tambaya: me ya sa tsofaffin garuruwan ƙasar Hausa suke son gindin dutse? Kano tana da Dala, Zariya tana da Kufena, ga Kwatarkwashi, ga Tsafe. Dalilan a bayyane suke. Daga kan dutse ana hango maƙiyi tun yana nesa. Idan yaƙi ya yi tsanani ana hawa a fake. Ruwan saman da ya zubo daga jikin dutse yana taruwa a gindinsa, rijiya ba ta yin nisa, ƙasar wurin kuma tana da albarka. Wanda ya gane wannan ya haɗa darasin tarihi da na labarin ƙasa a wuri guda.

Mataki na uku: mafarin gulbinmu

Daga Tsafe sai 'Yankara, mun shiga Jihar Katsina, sai Funtuwa. Yanzu muna wajen mita 700. Gero ya ja baya, dawa da masara da auduga sun karɓi fili. Ɗorawa da kaɗanya da mangwaro sun maye gurbin aduwa. Ruwan saman wannan yanki yana kaiwa milimita 1,000 ko fiye, damina kuma ta fi tamu tsawo.

A kusa da Funtuwa ne gulbin Sakkwato yake farawa. Ku tsaya ku yi tunanin wannan da kyau. Ruwan da aka yi a gonakin Funtuwa shi ke gangarowa ta Gusau, ya cika Bakolori, ya zo ya haɗu da gulbin Rima a kusa da Sakkwato, ya wuce Argungu inda ake bikin kamun kifi, daga ƙarshe ya faɗa kogin Kwara. Wato tun da muka baro gida muna tafiya ne muna fuskantar ruwa, shi yana sauka mu muna hawa. Ruwa ba ya hawa tudu, saboda haka duk inda kuka ga kogi a taswira, ku bi shi da yatsa zuwa mafarinsa, nan ne ƙasa ta fi tsayi. Wannan dabara ita kaɗai tana amsa tambayoyi da dama a takardar karanta taswira.

Akwai wani darasin a ciki. Idan aka sare itatuwa a can sama, yashi ne zai cika gulbi a nan ƙasa. Idan aka yi ruwa mai yawa a Zamfara, fadamun Sakkwato da Kebbi ne za su ga ambaliya, ko da mu ba mu ga hadari ba. Manomin shinkafa a fadamar Rima yana da alaƙa da mutumin Funtuwa da bai taɓa gani ba.

Daga Funtuwa hanya ta bi ta Giwa da Shika da Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962, ta shiga Zariya. Ga rimaye dogaye, ga dutsen Kufena yana kallon birni. A nan matafiyi ke kwana idan yana da hankali, domin sauran hanyar tana son ido da hasken rana.

Mataki na huɗu: hawan tudun Jos

Daga Zariya hanya ta nufi kudu maso gabas, ta Soba da Pambeguwa da Saminaka, ƙasar masara. Tun daga Saminaka za ku fara hango wani shuɗin bango a gaba, wanda baƙo zai ɗauka hadari ne ya haɗo. Bakin tudun Jos ke nan. Bayan Jengre hanya takan fara lanƙwasa, ƙarar injin mota ta sauya, direba ya rage giya. Manyan motoci suna tafiya kamar hawainiya, yaran mota suna riƙe da waigi. Tamu motar ma sai da ta nemi ruwa a lagireto, muka sauka muka ba ta lokaci ta huce.

Duwatsun nan ba irin na Kwatarkwashi ba ne masu sulɓi. Tulin ƙwallaye ne, wani kan wani, kamar wani ƙato ya yi wasa da su ya tafi. Zafin rana da sanyin dare da ruwan da ke shiga tsaguwa su suka farfasa su haka. Tsakaninsu ga ciyawa gajera, ga ƙananan gonaki da aka kewaye da shingen ƙerana, 'yar uwar aguwarmu. Kunne yakan toshe, sai mutum ya haɗiyi yawu ya buɗe. Iska kuma ta shigo ta taga da wani sanyi da mu ba mu san shi ba sai a tsakiyar hunturu.

Garin Jos yana wajen mita 1,200. Duwatsun Shere da ke gabashinsa sun kai mita 1,829, su ne ƙololuwar tudun. To yanzu ku ɗauko biro mu yi lissafi. Ƙa'ida ita ce, duk mita 1,000 da aka hau, zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6.5 a ma'aunin Salshiyas. Tsakanin gida da Jos akwai mita 900. Idan kun ninka 6.5 da 900 kuka raba da 1,000, za ku samu kusan digiri 6. Dalilin raguwar shi ne, rana ƙasa take fara dumamawa, ƙasa kuma ta dumama iskar da ke kanta. Iskar da ta tashi sama tana samun sarari ta baje, idan ta baje kuma sai ta huce.

Mai lura zai ce, ai a watan Afrilu Sakkwato tana wuce digiri 40, Jos kuwa wajen 30 take tsayawa, bambancin ya fi 6. Madalla da wannan lura. Sauran bambancin daga gajimare da ruwan sama yake. Jos ta fi mu kusa da teku, damina tana riga isa can, kuma iskar da ke tasowa daga kudu maso yamma ɗauke da laima idan ta ci karo da bangon tudu dole ta hau, ta huce, ta zubar da ruwanta. Shi ya sa Jos take samun wajen milimita 1,400 a shekara, ninki biyu na namu.

Ƙarancin nauyin iska a sama shi ne ya toshe muku kunne. Shi ne kuma ya sa ruwa ke tafasa a Jos a kusan digiri 96 maimakon 100 da aka koya muku, domin 100 ɗin na bakin teku ne. Mai dafa wake a can sai ta ƙara haƙuri da itace.

Abin da sanyi ke haifarwa

Idan kuna son ganin amfanin wannan lissafi da ido, ku shiga kasuwar Farin Gada. Ga kabeji da karas da latas da koren wake da tumatir, tuli-tuli, ana loda su zuwa sassan ƙasar nan. Dankalin Turawan da ake soya muku da ƙwai a Sakkwato, akasarinsa daga Bokkos da Mangu da Barikin Ladi yake zuwa, domin ba ya yin 'ya'ya sosai sai inda dare ke da sanyi. A wajen Vom har ana noman strawberry, ɗan itacen da muka saba gani a jikin kwalin alewa kawai. Acca kuwa tsohon abincin mutanen tudun ne, tana yi ko a ƙasa mai tsakuwa. A Vom ɗin ne kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa take tun 1924, inda ake yin allurar rigakafin da ake yi wa shanunmu.

Wannan ba a Nijeriya kaɗai yake ba. Ku tambayi alhazan garinku labarin Ɗa'ifa. Makka tana cikin kwari mai zafi, amma da an hau hanyar duwatsu zuwa Ɗa'ifa, wajen mita 1,800, sai a tarar da inabi da rumman da furen wardi. A Jamhuriyar Nijar, can cikin hamada, duwatsun Azbin sun kai mita 2,022 a Bagzan, kuma ana noman albasa da lemo a kwaruruwansu. Dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya yana dab da tsakiyar duniya inda rana ta fi ƙarfi, amma da yake ya kai mita 5,895, ƙanƙara ce a kansa. A nan gida kuma wuri mafi tsayi shi ne Chappal Waddi a Jihar Taraba, mita 2,419. Ƙa'idar dai ɗaya ce a ko'ina.

Tudun Jos kuma uwar koguna ne. Kogin Kaduna daga nan ya taso ya nufi Kwara. Gongola daga nan ya taso ya zagaya ya faɗa Binuwai. Wasu rafukan kuma arewa maso gabas suke yi, su bi ta Jama'are su nufi tafkin Chadi. Ɗigon ruwa biyu za su iya sauka a kan dutse ɗaya, ɗaya ya ƙare a tekun Atilantika, ɗaya a bakin hamada.

Kuza da abin da ta bari

Duk inda kuka duba a wajen Bukuru da Rayfield da Barikin Ladi za ku ga tarin ƙasa ja da fari, da kududdufai masu ruwa shuɗi. Suna da kyau a hoto, amma ramukan haƙar kuza ne. Tun kafin zuwan Turawa, maƙeran Liruwe suna narka kuza suna sayarwa. A farkon ƙarni na 20 kamfanonin Ingila suka bi sawu suka mamaye tudun. Da farko a ka ake ɗaukar kuzar har Loko a bakin Binuwai, sai a 1914 aka kammala ƙaramin layin dogo daga Zariya zuwa tudun, wanda ya yi aiki har 1957. Kuza ce ta gina Jos, ita ta tara Hausawa da Yarabawa da Ibo da sauran ƙabilu a ƙasar Birom da Anaguta da Afizere.

Sai dai akwai ɓangaren da ya kamata ɗan Arewa ya sani. A 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Japan ta ƙwace Malaya inda Ingila ke samun yawancin kuzarta. Sai gwamnatin mulkin mallaka ta kafa aikin tilas, aka riƙa kwaso dubban talakawa daga lardunan Arewa ana kai su ramukan kuza har zuwa 1944. Mutanen da suka tashi a ƙasar zafi aka kai su cikin ruwa da sanyi, ba bargon kirki, ba isasshen abinci, kuma da yawa ba su koma gida ba. Sanyin da ke ba mu sha'awa a yau shi ya kashe wasu daga cikin kakanni. Kududdufan kuma har yanzu suna cin mutane da dabbobi, domin suna da zurfi kuma bakinsu yana zabtarewa. Wanda ya je, ya kalla daga nesa.

A cikin wannan haƙa ne aka ci karo da wani abin da ya sauya tarihin Afirka. A 1928 aka tono wani mutum-mutumin yumɓu a ƙauyen Nok da ke kudancin Jihar Kaduna ta yau, a 1943 kuma aka kawo wa wani Bature mai suna Bernard Fagg wani kan yumɓu daga Jama'a. Bincike ya nuna aikin mutanen da suka rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce ne, waɗanda har ƙarfe suna narkawa. Shi Fagg ɗin ne ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. A harabarsa akwai wurin da aka gina kwatankwacin ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya, da ƙasa zalla, yadda magina na da suke yi.

Gangaren Hawan Kibo

Wanda ya kai Jos bai ga ƙarshen abin ba sai ya fita ta kudu. Bayan Bukuru akwai dutsen Riyom, ƙwallayen duwatsu da ke zaune kan juna kamar iska za ta ture su, amma sun fi kakannin kakanninmu daɗewa a haka. Daga nan sai Hawan Kibo, inda tudun ya yanke, hanya ta gangara tana murɗawa. Mitocin da muka kwana biyu muna tarawa a hankali, a nan cikin 'yan mintoci ake zubar da kaso mai yawa daga cikinsu. Hazo yakan kwanta a kwari da safe, mutum ya ga gajimare a ƙasansa. Wannan gefen ne ke fuskantar iskar damina, shi ya sa ya fi kore, kuma a nan ruwan Assop ke zubowa daga kan duwatsu da ƙara.

Kyan wurin bai hana shi zama ɗaya daga cikin wuraren da aka fi yin haɗari ba. Dalilin ma darasin kimiyyar lissafi ne. Babbar mota mai kaya idan tana gangara, nauyinta yana tura ta. Idan direba ya dogara da birki kaɗai, gogayya tana mai da wannan ƙarfi zafi, birki ya yi zafi har ya daina kamawa. Ƙwararren direba tun daga sama yake rage giya, injin ya riƙe motar. Idan kun zama direbobi ko injiniyoyi nan gaba, ku tuna da Hawan Kibo.

To yaushe za mu je?

Mun san abin da ke ran wasunku, kuma ba za mu ɓoye shi ba. Hanyar da muka bayyana, musamman tsakanin Tureta da Gusau da Tsafe da Funtuwa, ta sha fama da 'yan bindiga. Tun bayan sace ɗalibai a Ƙanƙara a 2020 da Jangebe a 2021, iyaye da shugabannin makarantu suka ja baya da fitar da yara yawon buɗe ido, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Tudun Jos ɗin ma ya sha rikice-rikice tun daga 2001. Kada wani ya karanta wannan shafi ya tara kuɗin tara ya nufi tasha. Tafiya irin wannan sai da izinin iyaye, da jagorancin malamai, da tambayar halin da hanya take ciki a ranar, kuma da rana tsaka.

Amma ku san cewa wannan ma asara ce da rashin tsaro ya jawo mana, ko da ba a lissafa ta a labarai. Yayyenmu sun je Jos da Yankari da Kainji da motar makaranta, sun dawo da labari. Yau ga ɗalibi zai gama sakandare bai taɓa wuce Sakkwato ba. Wanda bai taɓa cin dankali a gidan mutumin Bokkos ba, wanda shi ma bai taɓa shan fura a Shagari ba, kowannensu zai yarda da duk abin da aka faɗa masa a waya game da ɗan'uwansa. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, sun kuma ce gani ya kori ji. Haƙƙinku ne ku san ƙasarku, kuma haƙƙi ne a kan hukuma ta sa hanya ta biyu.

Kafin lokacin, akwai abin da ba ya buƙatar kuɗin mota mai yawa. Ku roƙi malamin labarin ƙasa ya fita da ku tudun da ya fi kusa da makarantarku, ku duba launin ƙasar daga gindi zuwa sama, ku ga inda ruwa ya yi zaizaya da inda ya nufa. Sifawa tana nan kusa da mu, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. Wurno, inda kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake, a kan tudu take tana kallon fadamar Rima, ku tambayi kanku me ya sa ya zaɓi wurin. Idan wani a gidanku yana da babbar waya, akwai manhajar taswira da ke nuna tsayin kowane wuri. Direbobin da ke lodin kayan gwari a tasha kuwa, kowannensu littafi ne, in kun gaishe su da ladabi kuka tambaya.

Aikin gida

Ga na wannan mako. Ku ja layi a kwance a takarda, ku jera Dandin Mahe da Gusau da Funtuwa da Jos da Shere a kansa. A gefe ku ja layi a tsaye daga 0 zuwa mita 2,000. Ku sa ɗigo a tsayin kowane wuri kamar yadda muka ba ku, ku haɗa ɗigogin, ku ga siffar da za ta fito. Sannan ku amsa wannan: idan zafi a Dandin Mahe digiri 39 ne, nawa zai kasance a kan Chappal Waddi in aka bi ƙa'idar 6.5 kaɗai? Ku nuna wa malaminku, ku kuma aiko mana da amsa ta hannun editan wannan shafi, tare da sunan makarantarku da ajinku. Za mu kawo amsar a fitowa ta gaba.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A yi karatu, a kula da salla, a gaida malamai.